Uku Daga Fiffiken Dama

Duk wanda ya shigo ɗakina ya hango baƙin ƙwallon gashin nan a saman jeren kwanukana sai ya tambaye ni mene ne, ni kuwa in ce tarkacen yara ne. Ba tarkacen yara ba ne. Abin nan ya hau jirgin sama, ya ƙetare teku ya dawo. Ni da na ɗinka shi da hannuna ban taɓa wuce Kano ba, Kanon ma sau biyu, duka don ciwon ido. Yau dai zan faɗi yadda aka yi, tunda na kai shekarun da ba na jin kunyar kowa.

Babana mai kamun tsuntsu ne. In kogin Haɗeja ya cika ya malala cikin fadama, sai ya ɗauki kwalekwalensa da tarkuna ya nufi wajen Baturiya, ya yi kwana uku ko huɗu, ya dawo da dinya a rataye, manyan agwagin dajin nan baƙaƙe masu sheƙi. Aikina figa. Inna ta soya, ni in ɗauka a tire in zaga gari. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba talla ta kai ni gidajen malaman makaranta da ke bayan gari.

A can na haɗu da yarinyar da ta zama ƙawata. Babanta ticha ne, Kirista, daga duwatsun Filato aka turo shi. Ita kuwa sa'ata ce, siririya, ƙafafu kamar na zalɓe. Sun ɗaura raga tsakanin darbejiya biyu, tana riƙe da wani abu kamar matankaɗi mai dogon hannu, tana buga wani farin ƙwallo mai gashi, ta zaga ta ɗauko, ta sake bugawa. Ita kaɗai. Daga baya na ji 'yan boko suna ce wa wasan badmintin. Mu dai wasan gashi muka sa masa.

Ta ce, “Ke mai dinya, tsaya can ki riƙa jefo mini.”

Na ce, “Ni baiwar gidanku ce? In zan tsaya, bugawa zan yi.”

“Mabugin ɗaya ne, na Baba ya tsinke.”

Na ajiye tire, na ɗauke faifan da na rufe nama da shi, na ce, “Bugo.”

To, duk 'yar fadama da bakace ta tashi. Shinkafa a faifai, a ɗan kaɗa wuyan hannu, tsaba ta tashi ta dawo, ƙaiƙayi ya fice. Ba ƙarfi ake sawa ba. Tana bugowa da iya ƙarfinta, ni sai in tara faifai in ɗan yi masa bakace, ƙwallon ya haura raga da ƙyar ya faɗi a gindinta. Ta rugo, kafin ta iso ya taɓa ƙasa. Ta koma baya, na sake. Ranar har Ticha ya fito da alli a hannunsa yana dariya, yana cewa, “'Yata, wa ya koya miki wannan?” Na ce masa ba wanda ya koya mini, shinkafa ce. Naman ranar ya huce a tire, Inna ta yi mini faɗa, ban damu ba.

Daga nan kullum da hantsi, kafin iska ta tashi, ina can. Ticha ya gyara mabuginsa ya ba ni. Ina cinye ta da faifai, ina cinye ta da mabugi. Ku riƙe wannan, don shi ne gaskiyar da ba ta shiga jarida ba. Ita ce ta bi ni har gida tana roƙo in koya mata bakace. Na zuba mata shinkafa a faifai, ta watsar da rabi, kajinmu suka yi biki. Sai da ta yi wata guda tana zuwa kafin hannunta ya faɗa.

Ana nan sai ƙwallonsu na ƙarshe ya ragargaje. Ticha ya ce sai an sami mai zuwa Kano. Na ɗauki gawar abin na kai gida, na warware shi na duba. Gashi goma sha shida ne, an kafa su a wani gindi mara nauyi, an ɗaure da zare. Na ce wannan ne abin da za a je Kano dominsa? Gashi kuwa a gidanmu har shara ake yi da shi. Na yanki totuwar masara, na rufe ta da guntun fatar akuya, na kafa gashin dinya da ƙaro, na ɗaure da zaren koma. Na jefa sama, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Na yi na biyu, haka. Babana yana zaune yana gyaran tarko, ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya.

Ya ce, “Kin haɗa hagu da dama. Kin taɓa ganin tsuntsu da fiffike a juye? Gashin hagu lanƙwasarsa daban, na dama daban. Ɗauki na gefe ɗaya kaɗai.”

Na yi da na hagu zalla. Na jefa, ya tashi yana juyi a hankali kamar mazari, ya sauko daidai inda na nufa. Na ruga bayan gari ko ɗankwali babu. Kuma don kada ta ɗauka sa'a ce, ni da bakina na nuna mata sirrin. Na ɗora mata gashin hagu da na dama a tafin hannu, na ce ta shafa ta ji bambancin. Ban bar ta ba sai da ta iya rarrabewa ido a rufe.

Shekaru suka tura. Ita aka kai ta makarantar 'yan mata a Kano. Ni na yi aure, na auri tela mai keke a bakin kasuwa, ni na zaɓe shi cikin mutum uku da ke zuwa zance, ban kuma taɓa nadama ba. Kowane hutu sai ta zo ta zauna a tabarmata, ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi har ta lashe hannu, ta tafi da kwando cike da baƙaƙen ƙwallaye. Na Turawa, in ji ta, tsada gare su, kuma ba sa jure duka. Da nawa take koyo, da nasu take gasa. Ta ce in ka saba bin baƙi da ido, fari sai ya zama kamar fitila.

Ta ci 'yan Kano. Ta ci na Kaduna. Yaƙin basasa ya zo aka ajiye wasa, ta yi koyarwa, ana gamawa ta koma. Ta je Legas ta ci. Aka sa ta a jirgi zuwa Gana ta dawo da kofi, aka sake kai ta wata ƙasa can gabas ta dawo da lambar da ake ratayawa a wuya. Duk lokacin da hotonta ya fito a jarida, Ticha zai taka har zaurenmu ya yi sallama ya aiko mini da ita ciki. Ga ta nan da ɗan farin siket iya gwiwa, ta ɗaga kofi tana washe baki. Matan unguwa su taru a kaina.

“Kai, ƙawarki ta yi gaba!”

“Wai da gaske ke ma kin taɓa bugawa?”

Wai na taɓa bugawa. In yi murmushi in ce Allah ya ƙara ɗaukaka. In sun watse sai in kafa wa hoton ido, ba fuskarta nake kallo ba, wuyan hannunta nake kallo. Jaridun nan ban yar da ko ɗaya ba, ban kuma adana ko ɗaya ba. Da su na riƙa shimfiɗe ƙasan kwandon busasshen kifi.

Duk da haka ina yi mata ƙwallaye, kuma masu kyau. Abin da ya karya ni rediyo ne. Wata rana da la'asar maigida ya shigo da sauri da rediyonsa a hannu, ya ce, “Zo ki ji ƙawarki, ita ake hira da ita.” Na bar tukunya a wuta na zo. Muryarta ce, ba ta sauya ba. Mai tambaya ya ce mata kowa yana maganar wani ɗan bugu da take yi a bakin raga, mai laushi, wanda har a ƙasashen waje an rasa maganinsa, a ina ta samo shi? Na gyara tsayuwa. Har na kai hannu na gyara ɗaurin ɗankwalina, kamar ana ganina. Sai ta ce ta gode wa babanta, ta gode wa malamarsu ta makaranta, sauran kuma yawan gwaji ne.

Yawan gwaji. Maigida ya dube ni, ya kashe rediyon, ya fita. Miyar ranar ta ƙone.

Ba a yi wata biyu ba Ticha ya zo da wasiƙa. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa yana odar kaya, jiragen ruwa sun yi cincirindo a bakin tekun Legas, kaya ba sa sauka. Ya tsaya daga ƙofar zaure ya karanta mini. An zaɓe ta za ta je ƙasar Turawa, gasa mafi girma da ta taɓa shiga. Suna sansani a Legas, ƙwallayen da aka yi musu oda suna kan ruwa, na hannunsu sun ƙare. Tana roƙon ƙawarta, don girman Allah, ta yi mata iya abin da za ta iya.

Na ce, “Baba Ticha, ka ce mata an gama.”

Shekarar ruwa bai cika fadama kamar da ba, dinya ta yi wuya, babana kuma ƙarfi ya ja baya. Yayana ne ya je har ƙauyukan Kirikasamma ya tattaro mini fukafukai wurin abokan sana'arsa. Ya kawo da yawa. Na zauna a inuwa na ware hagu gefe, dama gefe, kamar kullum. Na hagu sun ishe ni har da saura, wannan ma ku riƙe shi. Na kafa goma sha uku na hagu a totuwar farko, na kai hannu zan ɗauki na goma sha huɗu, sai na ji muryar nan a kunnena tana cewa yawan gwaji. Hannuna ya wuce tulin hagu ya sauka a na dama.

Uku na sa, a rarrabe, yadda ido ba zai kama ba. Da rabi da rabi na yi, tun daga bugun farko za a gane a yar. Uku kuwa sai ƙwallo ya taso lafiya lau, sai ya kusa isowa ya goce kamar an kira shi. Na gwada a tsakar gida, ya goce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce to, ga abin gwaji nan, a yi ta yi. Haka na yi wa kwando guda cur, ban tsallake ko ɗaya ba. Ticha ya karɓa yana sa mini albarka, ya kai tashar Malam Maduri ya sa a jirgin ƙasa.

Bayan nan ban sake samun sukuni ba. In na ji an kunna rediyo sai in kasa kunne. Ina so in ji an ce an cinye ta, ina kuma tsoron ji. Na kan ce a raina, in ta faɗi ta dawo, ni zan fara zuwa yi mata jaje, in kai mata kifi, in zauna kusa da ita kamar da. Har kalaman jajen na tsara.

Ba ta faɗi ba. Ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har wata Baturiya da aka ce ba a taɓa kai ta ƙasa ba. Ticha ya yanka akuya, Musulmi ya sa ya yanka don kowa ya ci, aka aiko mini da cinya guda.

Ta iso Haɗeja bayan kaka, a motar gwamnati. Kwana biyu tana karɓar baƙi, ban je ba. Rana ta uku da hantsi sai ga sallamarta a tsakar gidana, ita kaɗai, da atamfa da mayafi kamar kowa, da jaka a kafaɗa. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya. Da ta buɗe jakar na hango mabugi, na kuma hango wani faranti irin wanda ake ba zakaran gasa, naɗe da farin ƙyalle, gefensa ya leƙo yana ƙyalli. Ba shi ta ɗauko ba. Baƙin ƙwallo ta ɗauko ta ajiye tsakaninmu. Ta rufe ido, ta bi gashin da yatsa.

“Dama,” ta ce. Ta ci gaba. “Dama. Dama.” Ta buɗe ido. “'Yar dinya, ko na hagu ne suka ƙare miki? Baba ya ce bana tsuntsu ya yi wuya.”

Kun ga ƙofa ta buɗe mini. Da na ce e, da shi ke nan, mu ci tuwo mu rabu lafiya. Amma ni ba a yi mini sadaka da ƙarya.

Na ce, “Ba su ƙare ba. Ga saura can a buhu.”

Ta dube ni. Ta ce, “Tun ranar farko na gane. Na zauna a bayan ɗakin wasa na yi kuka kamar yarinya. Mai horar da mu ya ce in zubar da su. In zubar in buga me? Sati shida ina bin abin nan yana goce mini.”

“Ai ga shi kin ci.”

“Na ci. Ɗakin wasansu akwai wata iska mai sanyi da ke fitowa daga bango, tana kaɗa ƙwallo gefe. Kowa yana dukan iska, ni kuwa na riga na saba da abin da ba ya zuwa inda aka aike shi.”

Na ce, “To ai sai ki gode mini.”

“Ba zan gode ba. Ba don in ci kika yi ba.”

“Ke kuma da aka tambaye ki a rediyo fa? Yawan gwaji! Shinkafar wa kika watsar wa kaji, mai ƙafar zalɓe?”

Ta zaro ido. “Wannan ne? Ke matar aure ce fa! Baba ne ya ja mini kunne, ya ce a garinku ba a kiran sunan matar mutum a rediyo, balle a ce ita ta koya wa mai gajeren siket tsalle. Ya ce dangin mijinki ba za su ji daɗi ba.”

“Wa ya zo ya tambaye ni?”

“Ba wanda ya zo.”

“Ko ba suna, ba ki iya cewa wata mai tallar dinya ba?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Har yau ina ganin maganar Ticha gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Faifai da tire ba su da daɗin faɗa a gaban mutanen Legas.

Na miƙe na kwashe shanyar da ke kan igiya, na sa sakata a ƙofar zaure, na ɗauko faifai. Na ce, “Tashi. Igiyar nan ita ce raga. Da wannan gurgun ƙwallon za mu yi, tunda kin ce kin saba.”

“Ke dai ba ki sauya ba.”

“Tashi, ko tsoro kike ji?”

Ta ajiye mayafi, ta ɗaure zani, ta zaro mabugi. Ta bugo na farko a hankali, irin bugun da ake yi wa yara. Na tara faifai na yi masa bakace, ya haura igiya ya faɗi a gindinta. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta tuntsire da dariyar nan tata ta bayan gari. Na ce, “A kai wannan rediyo.”

Shi ke nan abin da na samu. Daga nan ta daina wasa da ni. Ta kora ni bakin rijiya, ta dawo da ni gindin murhu, ta sake kora ni. In ƙwallon ya goce, kafin ya gama gocewa tana wurin. Sannan ta shiga yi mini bakacena. Nawa, na gidanmu. Sai dai nata ba a ganin lokacin da wuyan hannun ya motsa, ƙwallon sai ka ce ajiye shi aka yi da yatsu a bayan igiya. Hannuna ne, amma an wanke shi an goge shekara goma sha biyar, ni kuwa ina nan ina figa. Haihuwata biyar a lokacin, ga zani yana harɗe ni, ga faifan ma sabo ne bai faɗa ba. Duk gaskiya ne. Amma ko da a ce ba haka ba, na san abin da na gani. Na zauna a kan turmi ina haki, ta miƙo mini ruwan da na kawo mata.

Ba ta tsaya cin tuwo ba. Ta yafa mayafinta, ta mayar da mabugi cikin jaka. Na ga hannunta ya taɓa farantin nan, ya ɗan tsaya a kai. Sai ta ja zif ta rufe. Ta ce, “Sai wani jiƙon, ƙawata.” Ƙwallon ta bar shi a tsakar gida inda ya faɗi.

Ta ƙara shekaru tana wasa, ta je ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, daga baya aka ce tana horar da 'yan mata a Jos. Ticha ya yi ritaya suka koma gida. Ba mu yi gaba da juna ba. Da Sallah gaisuwarta tana zuwa, da Kirsimeti ina aika mata busasshen kifi in an sami mai tafiya. Amma ba ta sake aiko a yi mata ƙwallo ba, ko sau ɗaya. Shekara biyu ina ware gashin hagu ina tarawa a buhu, ko za a zo nema, har asu ya cinye.

Farantin nan shi ne ya tsaya mini a rai. Ba a zuwa gaisuwa da faranti naɗe a ƙyalle haka kawai. Wani lokaci in ce nawa ne ta kawo, da na karɓi ƙaryar da ta miƙo mini da yanzu shi ne a saman jeren nan, ba wannan baƙin abu ba. Wani lokaci kuma in ce nuna mini kawai ta zo yi, don in ƙara ƙuna. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan aika a tambaya ba.

Ko kaza na fige yau, sai na ga hannuna ya ware hagu da dama da kansa. Mutanen bayan gari na wancan zamani saura kaɗan, amma akwai su. Ku je ku tambaye su wa ya fara cinye ta, kuma da me.